Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar da Ba Kamfani Ya Sa Ba

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya mun tsaya inda na kama sana'ar manna takardun talla a Faransa. Yau zan ajiye labarin kaina gefe, domin da yawanku sun tambayi yadda masu zane ke cire tallan kamfani su sa nasu, mai wucewa bai gane ba. Sai an san aikin kafin a fahimci abin da ke tafe.

Rumfar jiran bas mai talla a gefe, kamfanin JCDecaux ne ya fara kafa ta a birnin Lyon a 1964. Cinikin shi ne kamfani ya gina rumfa ya kula da ita, gari ya bar masa gefenta ya sayar wa masu talla. Wannan gefen ake faɗa a kai. A ƙarshen Nuwamba 2015, gab da buɗe taron sauyin yanayi na duniya a Paris, ƙungiyar masu zane masu adawa da talla, Brandalism, da ta faro a Ingila a 2012, ta sa takardun bogi kusan 600 a akwatunan talla irin na gefen rumfunan nan, aikin masu zane sama da 80 daga ƙasashe 19. Lokacin an hana zanga-zanga saboda dokar ta-ɓaci bayan harin da aka kai Paris ranar 13 ga Nuwamba. Wadda aka fi yaɗawa ta kwaikwayi tallan kamfanin mota na Volkswagen, wanda asirinsa ya tonu a Satumba kan maguɗin gwajin hayaƙi. Ma'anar rubutun: nadamarmu ɗaya ce, an kama mu.

Baiwar zane ba ita ta sa abin ya yiwu ba. Sun zauna ne sun koyi sana'armu.

Akwatin yana da ƙofar gilashi, da fitila a baya, da maƙali a sama mai riƙe takarda. Ba a sa gam ko ɗigo. Muna kiran takardar 120 da 176, amma a zahiri faɗinta santimita 118.5 ne, tsayi 175, kuma firam yana cinye kimanin santimita ɗaya zuwa biyu a kowane gefe. Wanda ya kai rubutu bakin takarda, firam zai yanke masa harafi. Wanda ya rage tsayi kuwa, da dare farin haske zai leƙo ta ƙasa kamar ƙofar da ba a rufe ba, daga tsallaken titi ma'aikaci zai gane.

Fitilar nan ita ke tona asirin sabon shiga. Takardar gaske tana da nauyin giram 135 zuwa 150 a kowace murabba'in mita, kuma ana buga hoton har a bayanta, a juye, don launi ya riƙe ƙarfinsa idan haske ya ratso. Aka buga fuska ɗaya a sirirar takarda, da rana lafiya lau, magariba na yi baƙi ya koma toka-toka, ja ya koɗe. Aka haɗa ƙananan takardu da salatif, kowane haɗi zai fito baƙin layi. Masu zanen hannu ma suna shan wannan: duk inda buroshi ya yi kauri sai ya zama tabo. Ba a ninke takardar, naɗe ta ake yi, domin karyewar ninki ba ta ɓoyuwa a gaban haske. Akwatin da ke juya talla biyu ko uku da inji, masu hankali ba sa taɓa shi, don baƙuwar takarda na iya cije injin, magana ta tashi daga sauya takarda ta koma ɓarnar kaya.

Sauran kuwa shiga ce. Rigar aiki mai ƙyalli, rana tsaka, tafiyar wanda ya gaji da aikinsa. Ba mai kallon ɗan ƙwadago sau biyu, mu da muke cikin rigar mun fi kowa sani. Sai dai ran takardar gajere ne, don a Faransa mafi yawan tallan rumfa mako guda yake yi, kuma da an kai rahoto ake turo mai cirewa.

Allon bango aikinsa daban, nan gam ne da tsani. Babban allon da aka saba da shi a Faransa mita 4 ne da 3, kuma gunduwa-gunduwa ake manna shi. Takardarsa mai shuɗin baya ce, giram 115 zuwa 120, shuɗin yana hana tsohon talla nunowa idan ta jiƙe. Mu garin gam na kanti muke damawa. Masu zane sun fi dafa na fulawa: kofi ɗaya na fulawa, kofi huɗu na ruwa. A dama fulawar da kofi ɗaya na ruwan sanyi har gudaji su mutu, a tafasa sauran ukun, a zuba a hankali ana juyawa a kan ƙaramar wuta har ya yi kaurin koko. Wanda ya zuba fulawa kai tsaye a tafasasshen ruwa, tuwo ya tuƙa. Sai ya huce ake aiki da shi. Kwana biyu ko uku yake yi ya yi tsami, kuma a tsananin hunturu daskarewa yake a jikin allo kafin ya kama, rana na fitowa takarda ta zube.

A shafa gam a allo, a ɗora takarda, a bi da buroshi daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, a sake shafe samanta, musamman kusurwoyi. Jiƙaƙƙiyar takarda tana buɗewa, shi ya sa ake barinta ta sha gam na 'yan mintoci, in ba haka ba a kan allo za ta buɗe ta yi tamoji. Gunduwar sama ita ke hawa kan ta ƙasa, kamar kwanon rufi. Aka juya, ruwan sama na farko zai shiga haɗin ya ɓare ta. Tawadar ƙaramin injin bugawa na gida kuwa da ta ji gam take zuba.

Ba duka masu adawa da talla ke ɓuya ba. Ƙungiyar Déboulonneurs, tun 2005, a bainar jama'a take rubutu da fenti a kan allo, ta tsaya 'yan sanda su zo, don kotu take nema. Buƙatarta kada talla ta wuce santimita 50 da 70. Dokar Faransa ta sa tarar da ta kai yuro 3,750 kan rubutu mai ƙaramar ɓarna, babbar ɓarna kuwa har ɗaurin shekara 2 da yuro 30,000. Garin Grenoble kuwa da kansa ya cire allunan talla 326 a 2015 bayan ya ƙi sabunta kwangilar kamfanin talla, amma na rumfunan bas suka tsaya, don kwangilarsu daban ce.

Ni a ganina, mai buɗe akwati ya sauya takarda ya rufe tsaf ya fi mai fesa fenti a gilashi nesa ba kusa ba. Na farko minti biyu ne gyaransa. Na biyu, shugaban kamfani ba zai taɓa ganinsa ba. Wani bawan Allah ne zai tsaya cikin sanyin asuba da reza da tsumma yana kankara, ga sauran rumfunan ranar suna jiransa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan ranar da na buɗe akwati na tarar da irin wannan takarda, da abin da na yi da ita.