Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kuɗi Rumfa Yake Sauyawa

Makon jiya na tsaya a kan maganar Baffa, Allah ya jiƙansa, tun yana sayen kuza a Bukuru: "Kuɗi ba ya mutuwa, rumfa yake sauyawa." Da farashin kuza ya rushe a Landan a 1985, shi ya koma hatsi, abokansa suka zauna jiran ta farfaɗo. 'Yan gida kun san yadda aka ƙare.

Maganar ta dawo mini ranar 2 ga Afrilun 2025, da Trump ya ƙaƙaba haraji kan kayan da ke shiga Amurka, Najeriya kashi 14 cikin ɗari. Ɗanyen mai, wanda shi ne akasarin abin da muke sayar musu, ba ya cikin harajin. Ta bayan gida abin ya shigo mana. Fargabar ciniki zai ja baya a duniya ta kayar da gangar mai ƙasa da dala 65, alhali kan 75 aka gina kasafin shekarar. In mai ya faɗi dala takan yi wuya, sai baƙin masu zuba jari su fara tattara nasu ya nasu. Hannun jarin bankuna suke fara zubarwa, ko da bankin lafiyarsa lau, saboda nan ake samun mai saye nan take.

Wanda ke kallon jimillar ma'aunin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, kaɗai ba zai ga ƙaurar kuɗin ba. Ma'aunin kowane ɓangare ake dubawa: bankuna, kayan masarufi, masana'antu, mai da gas, inshora. Sannan yawan cinikin. Farashi na hawa, hannayen jarin da ake saye kullum na raguwa, to ƙarfin ya ƙare. Ga kuma ƙa'idar da ta hana farashin hannun jari hawa ko faɗuwa fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini: in ya faɗi har iyakar nan, masu sayarwa sukan yi layi babu mai saye, gobe ma haka. Ranar 9 ga Afrilun nan Trump ya jingine yawancin harajin na kwana 90, kasuwannin duniya suka yi sama. Wanda ya sayar cikin firgici ya biya dillali, zai sake biya in ya dawo.

Rumfa yake sauyawa. A 2023 ma mun gani, da aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja: Nestlé da MTN masu bashin dala suka tafka asara, bankuna suka ci riba, masu manja irin Okomu da Presco suka samu kasuwa.

Abin da har yau ke ci mini rai shi ne 2008. Wani dillali a nan Jos, ba zan kama sunansa ba, ya lallaɓe ni na ci bashin banki na sayi hannun jarin wannan bankin. Bayan Maris farashi ya gangara, ruwan bashin na hawa, jinginar ta kasa rufe shi. Baffa na raye a lokacin. Ban je na tambaye shi ba, shi ma bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya rasu.

Za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.