Liman Abubakar na ƙauyen Nghar

Wallahi har yau in na tuna Liman Abubakar Abdullahi sai tsigar jikina ta tashi. A watan Yunin 2018 ne 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, Kiristoci suka yi ta gudu suna neman mafaka, dattijon nan ya buɗe masu ƙofa, mata ya kai su gidansa maza kuma cikin masallaci, mutum 262. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya dinga roƙonsu har suka tafi. Kuma fa filin masallacin nan Kiristocin garin ne suka ba Musulmi tun da can. Amurka ta karrama shi a 2019, ni dai so nake a riƙa ba yaranmu labarinsa a makaranta.