Tallafin Karatu a Amurka: Ku Fara Duba Takardar Zama

Kuskuren da na daɗe ina yi wajen ba ɗalibai shawara shi ne duba asali kafin takardu. Da zarar an ga tallafi na 'yan asalin Latin Amurka ne, waɗanda ake kira Hispanik, sai yaro ya kwana uku yana tsara bayanin kansa, daga baya a tarar ba a karɓar irin takardar zamansa. Ku kada ku bi sahuna. Ku fara da layin da ya faɗi wa ya cancanta.

Kuɗin gwamnatin tarayya ta fom ɗin FAFSA ake nemansu. Ɗan ƙasa yana samu, haka mai katin zama na dindindin da wanda aka ba mafaka. Ɗan Fotoriko, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, ɗan ƙasa ne tun 1917, ba shi da matsala. Amma mai DACA, shirin da Obama ya kawo a 2012 don waɗanda aka shigo da su suna yara, ba ya samun ko sisi daga tarayya, ko da yana da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke bai wa 'yan ƙasa da masu izinin aiki. Wannan lambar ce ke ruɗar mutane.

Gidauniyar Hispanic Scholarship Fund kuwa tana karɓar mai DACA, tare da ɗan ƙasa da mai katin dindindin. Wanda ya taso daga Meziko ko Kolombiya da bizar ɗalibi ta F-1 ba ya ciki, komai kyan Sifaniyancinsa. Shi sai ya nemi tallafin jami'ar kanta. Mara takarda ko ɗaya ya duba TheDream.US, shirin tallafin karatu na ɗalibai marasa takardun zama, da fom ɗin jiharsa in tana da shi, kamar na Kalifoniya. Dokar jiha kuma ba a jingina da ita ido rufe: Tekzas ta fara rangwamen kuɗin makaranta ga irin waɗannan ɗalibai a 2001, kotu ta dakatar da shi a watan Yunin 2025.

Inda na fi jin tsoro shi ne akwatin nan da ake tambaya ko kai ɗan ƙasa ne. Wani sai ya danna "e" don fom ya wuce. Ƙaryar zama ɗan Amurka na iya hana mutum katin dindindin har abada, kuma ana gwada amsar da rajistar gwamnati.

Wanda bai daɗe da zama ɗan ƙasa ba, ya je ofishin Social Security a gyara bayanansa tukuna, in ba haka ba fom ɗin FAFSA zai maƙale, makaranta ta nemi fasfo ko takardar shaida. Ɗalibin da aka haifa a Amurka kuwa, rashin takardun iyayensa ba ya hana shi tallafin tarayya. Iyayen na iya buɗe asusu a StudentAid.gov, shafin da ake cike FAFSA, ba tare da lambar Social Security ba, sai dai tantance su kan ɗauki lokaci, don haka a fara da nasu.