Ba a ƙaryata ni ba, an dai ce babu lissafi

Na karanci tattalin arziki, ina kuma koyar da shi, amma ban taɓa gamsuwa cewa buɗe iyaka da karya darajar naira su ne maganin ciwonmu ba. A Kakuri na tashi, unguwar masaƙu a Kaduna. Ina yaro Babangida ya kawo SAP, wato shirin sake fasalin tattalin arziki, a 1986, kuma a kan idona masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta rufe a 2002, masaƙar UNTL (United Nigerian Textiles) ta bi bayanta a 2007. Shi ya sa bincikena ya tsaya kan abu ɗaya: masana'antar da ba ta yi ƙwari ba, ba za ta iya gogayya da atamfar Sin ba sai gwamnati ta kare ta. Maganar ba sabuwa ba ce. Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, ya yi ta tun 1791, Koriya ta Kudu ta yi aiki da ita ta kuma ga amfaninta.

Muhawara na shirya wa. Na zaci za a ce hujjojina ba su da tushe, in baje hirarrakin da na yi da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da 'yan Kantin Kwari. Ko mutum ɗaya bai ƙaryata ni ba. Mujallun da ake dubawa wajen ƙarin girma sai su dawo mini da takardar da magana guda: babu lissafi, wannan tarihi ne. Har yau abin yana ci mini rai. Waɗanda muka kama aiki tare sun zama farfesoshi, ni ina nan, alhali mutanen da na zauna da su sun rasa abincinsu da gaske.

Ɗalibin da ke son bin wannan hanya, ga abin da nake gaya masa. Ka ƙware a lissafin nan fiye da masu taƙama da shi, don kada a rufe maka ƙofa tun ba a karanta ka ba. Ka nemi abokan tafiya. A tarukan CODESRIA, ƙungiyar masu binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, na fara samun masu saurarena. Kuma ka riga abokan hamayya kawo zancen rashin wuta da fasa-ƙwauri, domin su ma sun taimaka wajen kashe masaƙun.

Da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, gidajen rediyo suka yi ta kirana in yi sharhi. Na je, na yi. Amma kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirga hirar rediyo.