Yadda na ƙirga sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a jariran ɓeraye

A lokacin binciken digirina na biyu aka ɗora mini aikin ƙirga sababbin ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye, daga kwana 7 da haihuwa zuwa kwana 21, wato lokacin yaye. Hanyar tana da tarihi, domin tun 1965 Joseph Altman da Gopal Das suka nuna cewa hipokampus, sashen ƙwaƙwalwar ɓera da ke da hannu a koyo da tunawa, yana ci gaba da samar da ƙwayoyi bayan haihuwa. Ni sinadarin BrdU nake yi wa jariran allurarsa, ya shiga cikin DNA na duk ƙwayar da ke shirin rabuwa biyu, daga baya in yayyanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri, in rina ta, in zauna gaban madubin ƙara girma ina ƙirga ɗigon da suka yi duhu, wato sababbin ƙwayoyin.

Zagayen farko ya lalace, kuma laifina ne. Sau ɗaya a rana nake leƙa kejin, ranar Lahadi kuwa wani lokaci ba na zuwa, don haka ranar haihuwar da na rubuta wa waɗansu ta kauce da kwana ɗaya ko biyu. Ga jaririn ɓera kwana guda ba ƙaramin lokaci ba ne. A waɗannan makonni ƙwaƙwalwarsa take girma da sauri fiye da kowane lokaci, kuma sinadarin GABA, wanda yake kwantar da jijiya a babban ɓera, a makon farko tayar da ita yake yi saboda yawan sinadarin kuloraid a cikin ƙwayar, sai furotin KCC2 ya ƙaru a mako na biyu ya riƙa fitar da kuloraid ɗin, sannan aikin ya juya. Ido ma sai wajen kwana 14 yake buɗewa. Ashe dabbobi masu mataki daban-daban na haɗa a rukuni ɗaya, shi ya sa alƙalumana suka ƙi haɗuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda na manta da uwa. Wadda ta haifi 12 ba ta shayar da su kamar mai 5, ga kuma binciken Michael Meaney na Jami'ar McGill da ya nuna cewa yawan lasar da uwa ke yi wa 'ya'yanta yana sauya yadda hipokampus ke amsa sinadarin damuwa har su girma. 'Yan ciki ɗaya ba shaidu ne masu zaman kansu ba, ni kuwa haka na lissafa su.

A zagaye na biyu na riƙa duba keji safe da yamma, na daidaita kowace uwa a kan 'ya'ya 8, ban ɗauki fiye da ɗaya daga ciki guda a kowane rukuni ba. Na kuma roƙi abokiyar aikina ta rufe sunayen gilasan da ke ɗauke da yankan ƙwaƙwalwar da lambobi, don kada idona ya ga abin da zuciyata ke so. Aikin ya ƙara cin wata huɗu, amma a wannan karon raguwar ɗigon daga mako zuwa mako ta fito fili.