Godiya daga gidanmu na Mai Wurno

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, ƙanena ya iso gida daren jiya da ƙafafunsa.

Waɗanda suka san mu sun san yana cikin sojojin da yaƙi ya rutsa da su a Ƙiyada, babbar hedikwatar sojan Sudan da ke Khartum, tun safiyar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin azumi. Wata 21 dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojan Sudan, suna kewaye da su, ba shiga ba fita. Sai ranar Juma'a 24 ga Janairu 2025 aka fasa ƙawanyar.

Bayan Allah, godiyata ta farko tana ga samarin sojojin da suka buɗe hanyar nan. Tun 26 ga Satumba 2024 suka tsallako gadoji daga Umdurman, suka haɗe da sojojin sansanin Kadaro, suka yi ta gangarowa Bahri, wato Khartum ta Arewa, unguwa bayan unguwa har barikin Ishara na sojojin sadarwa, daga nan suka kai ga 'yan'uwansu. Wata huɗu ke nan suna kan tafiyar da mota ke yi cikin ƙasa da awa guda. Da yawa ba su ga ƙarshenta ba. Ban san sunayensu ba, amma na san kowannensu yana da uwa kamar tamu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Da ya shigo, Inna ba ta ce komai ba. Ta zaunar da shi a kan tabarma, tana shafa fuskarsa da hannu biyu, har ta kai ga bel ɗinsa, ta ga sababbin huji uku da ya yi da ƙusa saboda rama. A nan ne kuka ya ƙwace mata.

Maƙwabta, me zan ce muku? Lokacin da layin waya ya ɗauke a Fabrairun 2024, muka yi makonni ba mu ji ɗuriyarsa ba, ku kuka riƙa kwana da Inna. Da Sinja, babban birnin jiharmu ta Sennar, ta faɗa hannun RSF, garinmu ya cika da 'yan gudun hijira, kowa na fama da kansa, amma kwanon tuwonku bai daina shigowa ba. Malaman da suka sauke mana Alƙur'ani, da danginmu na Sakkwato da Kano masu aiko da saƙo da ɗan abin hannu, Allah ya saka muku da alheri.

Masu son zuwa barka, don Allah ku bari sai bayan la'asar. Bai saba da barcin dare ba tukuna, sai gari ya waye yake samun runtsawa.