Lambar DLCI ta ƙofarka ce, ba ta abokin hulɗarka ba

A makon jiya wani matashi da nake koya wa aikin haɗa kwamfutoci ya zo mini da tsofaffin rauta, wato na'urorin da ke tura bayanai daga wannan rukunin kwamfutoci zuwa wancan, guda huɗu na kamfanin Cisco, samfurin 2600, ya ce yana so ya ga Frame Relay tana aiki da idonsa, wato tsohuwar fasahar haɗa ofisoshi masu nisa ta layin kamfanin sadarwa, inda kowace hanya take da lambarta da ake kira DLCI. Cisco ta cire wannan fasaha daga jarrabawarta ta shaidar ƙwarewa, CCNA, tun 2016, kamfanonin sadarwa kuma sun daɗe da komawa wasu fasahohi irin su MPLS da Ethernet, amma ban hana shi ba, domin a ganina wanda ya taɓa saita ta da hannunsa ba zai sha wahalar fahimtar yadda waya ɗaya take ɗauke da hanyoyi da yawa ba, kuma a kan wannan tunani aka gina fasahohin da suka gaje ta.

Rauta ɗaya muka mayar da ita madadin na'urar kamfanin sadarwa, sauran ukun muka liƙa musu takarda muka rubuta Kano, Kaduna da Zariya, Kano ce hedikwata. A aikin gaske, na'urar CSU/DSU, wadda ke tsakanin rauta da layin kamfani, ita ce take ba layin bugun agogo da ke daidaita gudun bayanai, amma a kan teburinmu ɓangaren wayar da aka rubuta wa DCE shi ne yake buƙatar umarnin clock rate 64000, in ba haka ba layin ba zai tashi ba ko da komai daidai yake.

Farkon aikin gajere ne. Ana shiga kafar siriyal, wato inda ake cusa wayar layin a jikin rauta, da umarnin interface serial 0/0, a rubuta encapsulation frame-relay, a buɗe ta da no shutdown. Idan na'urar da ke ɗaya ƙarshen ba ta Cisco ba ce, sai a ƙara kalmar ietf, wato tsarin bai ɗaya da takardar ƙa'ida RFC 1490 ta shimfiɗa kuma RFC 2427 ta maye gurbinta. Daga nan rauta za ta soma gaisawa da na'urar kamfani ta hanyar LMI, ƙa'idar musayar saƙonni kan lafiyar layi, wadda Cisco da DEC da Northern Telecom da StrataCom suka haɗu suka tsara a 1990. Iri uku ce, cisco da ansi da q933a, kuma tun daga IOS 11.2, wato manhajar da ke tafiyar da rautocin Cisco, rauta kan gano irin da kanta. Duk bayan daƙiƙa 10 tana tambaya ko layi lafiya, a tambaya ta shida kuma ta nemi cikakken jerin hanyoyin da aka ware mata. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai su haƙura minti ɗaya ya cika kafin su ce abu ya lalace.

Inda muka daɗe shi ne kan DLCI. Lamba ce mai bit 10, daga 0 zuwa 1023, ko da yake wasu lambobi na farko da na ƙarshe an keɓe su, abin da ake raba wa masu layi yana farawa ne daga 16. Mun ba hanyar Kano zuwa Kaduna lamba 102, ta Kano zuwa Zariya 103, ta dawowa daga Kaduna kuwa 201. Da yaron ya zauna gaban rautar Kaduna sai ya rubuta 102, yana ganin tunda hanya ɗaya ce dole lambarta ta zama ɗaya a ko'ina. Ya aika ping, wato saƙon gwaji da ke jiran amsa daga ɗaya ƙarshen, shiru. Ya sake duba adireshin IP har sau uku, ya matsa wayar da babban yatsa, fitilar kafar tana kore, amma babu abin da ya wuce.

Sai na ce masa ya tuna tashar mota. A tashar Kano, motar Kaduna tana iya tsayawa a rumfa ta 102, amma idan ka isa Kaduna kana neman motar komawa, lambar rumfar da ke can ita ce za ta yi maka amfani, ta Kano ba ta da wata ma'ana a wurin. Haka DLCI take, tsakaninka ne da na'urar kamfanin da ke kusa da kai, ita ce take musanya lambar a kan hanya. Don haka lambar da za ka rubuta a rautarka ita ce wadda kamfani ya ba ƙofarka.

Abin da ya fi burge ni a wannan fasaha shi ne ba ta ɓoye inda laifi yake. Umarnin show frame-relay pvc yana nuna ɗaya daga cikin kalmomi uku. ACTIVE na nufin hanya ta buɗe daga farko har ƙarshe. INACTIVE na nufin ɓangarenka lafiya lau, matsalar tana ɗaya ƙarshen, sai ka kira abokin aikinka na reshe maimakon ka rushe abin da ka gina daidai. DELETED kuwa na nufin na'urar kamfani ba ta san wannan lambar a kafarka ba. Ita muka gani a gaban 102, ga kuma 201 a ƙasa da ita, LMI ta kawo ta babu wanda ya yi amfani da ita. Yana gyara lambar, hanya ta buɗe.

Bayan haka sai matsala ta biyu ta fito. Kano tana ganin rassan biyu, amma Zariya ba ta san hanyar Kaduna ba. Dalili shi ne ƙa'idar split horizon a EIGRP, tsarin da rautoci suke sanar da juna hanyoyi da shi, ƙa'idar da take hana rauta mayar da labarin hanya ta kafar da ta ji shi, alhali Kaduna da Zariya duk ta kafa ɗaya suke shigowa Kano. Ana iya kashe ƙa'idar, wasu kuma sukan rubuta frame-relay map ga kowane adireshi, inda mantuwa da kalmar broadcast kaɗai take isa ta hana rautoci sanin juna. Ni dai na fi yarda da a raba kafar zuwa ƙananan kafofi: interface serial 0/0.102 point-to-point, a ba ta nata rukunin adireshi na /30, a ɗaura mata lambarta da frame-relay interface-dlci 102, sannan a yi wa Zariya irin haka. Gaskiya ne ana cin adireshi da yawa, huɗu ga kowace hanya, biyu kawai ake amfani da su, amma duk wanda ya gaje ka a aikin zai karanta tsarin ya gane shi ba tare da ya neme ka a waya ba.

Abu na ƙarshe da na sa shi ya gyara shi ne bandwidth, wato faɗin hanyar da rauta take lissafi da shi. Kafar siriyal tana ɗaukar kanta a kan 1544 kilobit, gudun layin T1, alhali abin da kamfani ya yi alkawari, wato CIR, yana iya zama 64 kacal. Abin da ya haura alkawarin ana sa masa alamar DE, shi ake fara zubarwa idan hanya ta cunkushe, kuma rautar da ba a gaya mata gaskiyar faɗin hanyarta ba za ta zaɓi hanya bisa lissafin da ba daidai ba.

Da ya aika ping daga Zariya zuwa Kaduna, alamun motsin rai biyar suka jeru a allo, alamar cewa duk saƙonnin sun je sun dawo. Sai ya miƙa hannu ya zare wayar Zariya da gangan, ya koma gaban rautar Kano yana maimaita umarnin, har 103 ta juya daga ACTIVE zuwa INACTIVE, 102 kuwa tana nan yadda take.